Kogi Ɗaya, Ƙasashe Tara: Haɗin Kai Kan Ruwa Maganar Manomi Ce

Gabatarwa

Duk manomin da ke da gona a fadamun Kogin Kwara, wanda ake kuma kira Kogin Neja, ko a fadamun Binuwai, yana da maƙwabtan da bai taɓa gani da idonsa ba. Wasu suna ƙasar Gini, wasu a Mali, wasu a Nijar, wasu kuma a Kamaru. Abin da waɗannan mutane suka yi da ruwan da ya ratsa ƙasarsu, ko sun tare shi, ko sun sake shi, ko sun karkata shi zuwa gonakinsu, yana cikin abubuwan da ke yanke hukunci a kan ko shinkafar Yawuri za ta sami ruwa a watan Fabrairu, ko kuwa masarar Numan za ta nutse a watan Satumba.

Sau da yawa idan aka ambaci yarjejeniya tsakanin ƙasashe kan ruwan kogi, manoma da malaman gona sukan ɗauka cewa wannan batu ne na ministoci da jakadu, babu ruwan mai fartanya a ciki. Ra'ayina ya saɓa wa wannan. A cikin dukkan masu amfani da kogi, manomi ne ya fi kowa asara idan aka sami saɓani, kuma shi ya fi kowa amfana idan aka daidaita. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowace yarjejeniyar ruwa da shi guda ɗaya ne: shin manomin da ke bakin kogi ya san yaushe ruwa zai zo, da yawansa, tun kafin ya shuka? Idan bai sani ba, to har yanzu yarjejeniyar tana kan takarda ne, ba ta iso gona ba.

Daga ina ruwan da muke noma da shi yake zuwa?

Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika. Maimakon ya gangara zuwa tekun da ke kusa, sai ya juya masa baya, ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Mali har ya kai bakin hamada kusa da Tambutu, sannan ya karyo ta Gao da Yamai da Gaya, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. A Lakwaja ya haɗu da Binuwai, wanda shi kuma ya taso daga Kamaru. Kafin ya faɗa teku, Kwara yana yin tafiyar kusan kilomita 4,200. Ƙasashe tara ne ke da rabo a cikinsa ko a cikin rafukan da ke zuba masa ruwa, wato Gini, Kwaddibuwa, Mali, Burkina Faso, Nijar, Jamhuriyar Binin, Cadi, Kamaru da Nijeriya. Mu ne muke can ƙarshen layi. Wanda yake ƙarshen layi kuwa, abin da na gaba suka bari shi yake samu, abin da suka zubar kuma a kansa yake sauka.

Masunta da manoman yankin Kainji sun san cewa kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ita ce farin ruwa, wadda take zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwa ne mai laka, na daminar da aka yi a nan kusa, a Nijar da Burkina Faso da Binin da kuma kwarin Sakkwato da Rima. Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa, wadda take isowa daga Disamba zuwa wajen Fabrairu, a lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a arewacin Nijeriya. Wannan ruwan daminar Gini ne, wanda ya shafe watanni yana tafiya. Abin da ke jinkirta shi shi ne wata makekiyar fadama da ke tsakiyar Mali, a yankin Mopti, inda kogin yake bazuwa ya zama kamar tafki. A can laka take kwantawa, shi ya sa ruwan yake isowa garai-garai. A can ne kuma rana take shanye kimanin kashi 40 cikin 100 na ruwan.

Baƙin ruwan nan shi ne jarin noman rani a bakin Kwara, kuma shi ke taimaka wa injinan wutar lantarki na Kainji da Jebba su ci gaba da juyawa da rani. Duk wata madatsa da aka gina a sama tana taɓa shi. Madatsar Markala da ke Mali, wadda aka kammala a 1947, tana karkata ruwa zuwa manyan filayen shinkafa da rake na hukumar Office du Niger. An ƙara da madatsar Selinge a farkon shekarun 1980. An tsara wata a Fomi cikin Gini, da wata a Tawusa cikin Mali, sannan a 2008 Nijar ta aza harsashin madatsar Kandaji, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130 na wuta tare da shayar da hekta 45,000. Babu mai hankalin da zai ce waɗannan ƙasashe ba su da haƙƙin yin haka. A watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, kogin ya daina gudana a Yamai. Ƙasar da ta taɓa ganin babban koginta ya tsaya cik a gaban babban birninta, ba za a hana ta tanadin ruwa ba. Abin da za a iya nema shi ne a zauna tare a tsara yadda za a cika waɗannan madatsu da yadda za a riƙa sakin ruwansu.

Darasin Binuwai da madatsar Lagdo

A ɓangaren Binuwai, matsalar da ta fi damun manoma ita ce yawan ruwa. Kamaru ta gina madatsar Lagdo tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, domin wutar lantarki da noman rani. Idan damina ta yi ƙarfi, tafkin ya cika, dole masu kula da ita su buɗe ƙofofi don kada bangon ya karye. Ruwan da suka saki yakan bi ta Yola, Numan, Ibi, Makurɗi, ya haɗu da na Kwara a Lakwaja, ya gangara har Anambara da Delta da Bayelsa. A ambaliyar 2012, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, da sama da mutum miliyan biyu da suka rasa muhalli. A ta 2022, waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma gonaki masu yawan gaske sun salwanta ana dab da girbi.

Ya zama al'ada a ƙasar nan, da zarar an yi ambaliya sai a ce Kamaru ta sako ruwa. Gaskiyar magana ta fi haka faɗi. Manyan rafukan da ke cika Binuwai, irin su Gongola, Taraba, Donga da Katsina-Ala, duk suna zuba ruwansu ne a ƙasa da Lagdo, kuma yawancin ruwan da suke kawowa na daminar da aka yi a cikin Nijeriya ne. A 2022 hukumomin ruwa na ƙasar nan da kansu sun bayyana cewa ruwan sama ne ya kawo mafi yawan ambaliyar. Haɗarin Lagdo yana cikin lokacin da ake sakin ruwan ne: idan aka buɗe ƙofofi a daidai sa'ar da rafukanmu suka cika maƙil, ɗan ƙarin nan shi ke sa kogi ya tsallake gaɓarsa. Da a ce an fara rage ruwan tafkin kaɗan-kaɗan tun da wuri, bisa lissafin da masana ƙasashen biyu suka yi tare, da ƙarin bai zo a lokaci ɗaya ba.

An ɗan sami ci gaba a wannan fanni. A watan Agustan 2023 Kamaru ta aiko wa Nijeriya da takardar sanarwa kafin ta buɗe ƙofofin. A watan Satumban 2024 Hukumar Kula da Al'amuran Ruwa ta Ƙasa, wato NIHSA, ta sanar da cewa za a fara sakin ruwa a hankali, daga kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a riƙa ƙarawa har ya kai 1,000. Wannan abin yabawa ne. Sai dai sanarwar da ta zo a tsakiyar Satumba rayuka take ceto, ba ta ceton gona. Manomin da ya shuka shinkafa mai daɗewa a watan Yuli, babu abin da zai yi da labarin face ya kwashe iyalinsa ya hau tudu, ya tsaya yana kallon guminsa na nutsewa. Labarin da zai amfani gona shi ne wanda ya zo kafin a zaɓi iri da ranar shuka.

Hukumomi akwai su, ƙarfinsu ne ya yi kaɗan

Ba a rasa zauren tattaunawa ba. Tun 1964 ƙasashen suka kafa wani kwamitin Kogin Neja, wanda a 1980 aka mayar da shi Hukumar Kula da Kwarin Kogin Neja, mai hedkwata a Yamai. A 2008 shugabannin ƙasashen tara suka amince da Kundin Ruwa na kwarin kogin. Haka nan kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997 kan kogunan da suka ratsa ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014. Ginshiƙan waɗannan takardu ba su da wuyar ganewa, domin duk wanda ya taɓa raba kwalbatin ban ruwa da maƙwabcinsa ya san su: kowa ya ɗebi ruwa daidai gwargwado, kada wani ya cutar da wani, wanda zai yi babban aiki a kan kogi ya sanar da sauran tun da wuri, a riƙa musayar bayanai a kai a kai.

Inda gizo ke saƙa shi ne, hukumar ba ta mallaki ko madatsa ɗaya ba. Kainji ta Nijeriya ce, Lagdo ta Kamaru ce, Selinge ta Mali ce, kuma kowace ƙasa tana juya ƙofofin tata bisa bukatunta na wuta da noma. Hukumar tana iya ba da shawara, tana iya tattara alƙaluma, amma ba ita ke riƙe da makulli ba.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci da ya kamata mu tuna. Tun cikin shekarun 1970 Nijeriya take sayar wa Nijar wutar lantarki, kuma mutane da dama sun daɗe suna kallon wannan ciniki a matsayin abin da ke rage wa Nijar bukatar tare kogin a sama da Kainji. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta katse wutar a cikin takunkumin da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba, a lokacin da Nijar take samun kimanin kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan. Sai a watan Maris na 2024 aka mayar. Ba ni da hurumin yanke hukunci kan siyasar al'amarin. Amma a matsayina na mai binciken aikin gona, na ga abin da wannan mataki ya koya wa maƙwabcinmu, wato kada ya sake dogara da mu, ya gaggauta tasa madatsar. A watan Janairun 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. Kogin bai fice daga ko'ina ba. Har gobe ta Gao da Yamai da Gaya yake biyowa kafin ya iso Kebbi. Duk lokacin da sauran ƙofofin magana suka rufe, ƙofar magana kan ruwa ce ta fi cancanta a bar ta a buɗe.

Abin koyi daga Kogin Senegal

Domin kada a ce abin da nake kira gare shi mafarki ne, bari mu leƙa yammacinmu. A 1972, ana tsakiyar fari, Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya Kogin Senegal, wadda aka fi sani da OMVS. Gini ta shiga a 2006. Abin da ya bambanta wannan hukuma da tamu shi ne, ƙasashen sun amince cewa manyan ayyukan da za a gina a kan kogin mallakarsu ce gaba ɗaya, ko a ƙasar wa aka gina su. A kan haka suka ci bashi tare, suka gina madatsar Diyama kusa da bakin teku a 1986, domin hana ruwan gishiri haurowa cikin kogi da rani, da madatsar Manantali a cikin Mali a 1988, domin tara ruwa. Suka raba kuɗin aikin gwargwadon amfanin da kowa zai samu. Wutar Manantali ma an raba ta da lissafi: Mali kashi 52, Senegal kashi 33, Muritaniya kashi 15.

Hikimar da ke ciki ita ce, sun karkata hankali daga rabon ruwan kansa zuwa rabon amfanin da ke fitowa daga ruwan. Idan ana rabon ruwa, abin da wani ya samu wani ne ya rasa. Idan kuwa ana rabon wuta da filayen noma da zirga-zirgar jiragen ruwa, kowa yana da dalilin son madatsar ta zauna lafiya. An gwada ƙarfin wannan tsari a 1989, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya a bakin kogin, aka yi asarar rayuka, aka kori dubban mutane, aka yanke hulɗar jakadanci har zuwa 1992. Duk da haka hukumar kogin ba ta rushe ba.

Sai dai bai kamata mu kwafi tsarin ido rufe ba, domin manoman can sun biya farashi. Da aka tare ambaliyar da ta saba zuwa kowace shekara, masu shuka dawa a kan laimar da ruwa ya bari bayan ya janye sun rasa filaye masu yawa, makiyaya suka rasa ciyawar rani, kifi ya ragu. Da ruwa ya daina hawa da sauka a bayan Diyama, sai ciyawar kacala ta mamaye magudanai, cutar tsargiya kuma ta yaɗu a yankin Richard Toll. Sai daga baya, a Kundin Ruwa na 2002, aka ba da muhimmanci ga sakin ruwa domin manoman fadama da lafiyar muhalli. Darasin a nan biyu ne. Na farko, mallakar haɗin gwiwa tana ɗaure ƙasashe da juna. Na biyu, idan injiniyoyin wuta ne kaɗai suka zauna a teburin, ƙasashe za su iya daidaitawa a tsakaninsu alhali ƙaramin manomi yana kuka.

Laifi tudu ne

Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Akwai kogunan da Nijeriya ce take sama, wasu ke ƙasa da ita. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne suke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar kafin ya faɗa Tafkin Cadi. Mun gina madatsar Tiga a 1974 da ta Callawa a 1992. Kano ta sami ruwan sha, filayen Kadawa suka sami ruwan noman rani. Amma a ƙasa, ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, yanayin gudun ruwa ya canza, kacala ta toshe hanyoyi, har ya zama wasu ƙauyuka ruwa ya yi musu yawa, wasu kuma ba ya isa gare su. Manoman Gashuwa da Geidam sun ji a jikinsu, haka ma manoman tattasai na Diffa a ƙetaren iyaka.

Misalin da ya fi ba da sha'awa shi ne Kogin Gada. Ya taso daga Jihar Katsina, inda muka tare shi da madatsar Jibiya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya sake dawowa Nijeriya ya zuba cikin Rima. A kan wannan kogi ɗaya, mu ne na sama, mu ne kuma na ƙasa. Mutanen da ke gaɓarsa a ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, suna auratayya da juna. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan koguna huɗu da suka haɗa su, har da Gada da Komadugu Yobe. Duk abin da muke nema daga Kamaru a kan Lagdo, da abin da za mu nema daga Nijar a kan Kandaji, shi ne daidai abin da mutanen Maraɗi da Diffa suke da haƙƙin nema daga gare mu. Ƙasar da ta cika alkawari a inda take sama, bakinta yana da nauyi idan ta yi ƙorafi a inda take ƙasa.

Masu cewa mu gina namu kawai

Akwai masu ra'ayin cewa duk wannan dogon zance ne, mafita ita ce Nijeriya ta gina madatsunta ta daina jiran kowa. Sukan kawo misalin madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a kan Binuwai, a yankin Fufore na Jihar Adamawa, domin ta riƙa tare ruwan da Lagdo ta saki, wadda har ambaliyar 2022 ta zo ba a gina ta ba. Akwai gaskiya a maganarsu. Tanadin da ya rataya a wuyanmu, bai kamata mu ɗora wa maƙwabci laifin rashin yin sa ba.

To amma madatsa ba ta maye gurbin magana. Idan aka gina Dasin Hausa, mai kula da ita yana bukatar sanin yawan ruwan da ke cikin Lagdo, da ruwan saman da ake yi a tsaunukan Kamaru, da ranar da za a buɗe ƙofofi, domin ya san lokacin da zai rage nasa tafkin ya bar wa mai zuwa wuri. Madatsu biyu a kan kogi ɗaya da ba sa magana da juna suna iya haɗa ruwansu a rana ɗaya, su jawo ɓarnar da ta fi ta da. Bugu da ƙari, ba za ta tare ruwan Gongola ko Taraba ko Katsina-Ala ba. Kuma duk madatsar da aka gina tana da nata waɗanda za ta tayar, da fadamun da za ta hana laka. Manoman da ke ƙasa da Kainji sun san haka tun 1968. Ambaliya mai matsakaicin ƙarfi ita ce takin fadama. Ita ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin tubwel suke zuƙa da rani, ita ke ba masakwa laimar da take girma a kai, ita ce kuma kifi ke bi ya yi ƙwai. Manufa ita ce a hore ambaliya, a san lokacinta, a rage mata kaifi.

Abubuwan da ya kamata a yi

Na farko, a mayar da musayar alƙaluman ruwa abin yau da kullum. Ma'aunan da ke Kulikoro da Mopti da Yamai da Garwa suna nuna abin da zai iso gare mu kwanaki ko makonni, wani lokaci ma watanni, kafin ya iso. A 2020 kogin ya kai matsayin da ba a taɓa gani ba a Yamai, kuma a daminar nan ce manoman shinkafa na Kebbi suka yi mummunar asara. Irin wannan bayani yana bukatar ya riƙa tafiya kai tsaye tsakanin masu auna ruwa, ba tare da ya jira wasiƙar jakada ba.

Na biyu, a samar da jadawalin sakin ruwa na shekara-shekara ga kowace babbar madatsa, na cikin gida da na maƙwabta, wanda za a tsara tare kuma a fitar kafin faɗuwar damina, a riƙa gyara shi gwargwadon yadda damina ta kasance. A cikin jadawalin a keɓe wani kaso na ruwa domin fadama, da wani kaso da ba za a taɓa hana kogi da rani ba.

Na uku, a ba manoma da masunta da makiyaya kujera a inda ake yanke shawara. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ƙungiyoyin fadama suna nan a jihohi da dama. Wakilansu sun fi kowa sanin wace rana ce sakin ruwa zai kashe shuka, wace rana ce kuma zai raya ta. Mata masu noman kayan lambu da masu sarrafa shinkafa da kifi su ma a ji ta bakinsu.

Na huɗu, ƙasashen su yi alkawari a rubuce cewa ruwa da wutar da ake samu daga gare shi da bayanan gargaɗin ambaliya ba za su shiga cikin takunkumi ko ramuwar gayya ba, kowane irin saɓani aka samu.

Na biyar, a fara tunanin ayyukan haɗin gwiwa irin na Kogin Senegal, ko da a kan ƙananan koguna ne. Gada da Komadugu Yobe wurare ne da suka dace a fara gwaji.

Rawar da malamin gona zai taka

Malamin gona shi ne gada ta ƙarshe tsakanin waɗannan manyan shawarwari da gonar talaka. Kowace shekara NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya, Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, ita ma tana fitar da hasashen damina, dukansu kafin a fara shuka. Wajibi ne malamin gona ya nemi waɗannan bayanai, ya duba abin da suka ce game da ƙaramar hukumarsa, ya fassara wa manoma su zuwa shawarar da za su iya aiki da ita. A inda ake sa ran ambaliya a Satumba, a shuka iri mai saurin nuna irin su FARO 44 da wuri, domin a girbe kafin ruwa ya hau. A filayen da ruwa kan rufe shuka na ɗan lokaci, akwai FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, waɗanda ke iya jure nutsewa na kusan mako biyu a lokacin da suke girma. Kada manomi ya zuba dukkan jarinsa a ƙasan kwari. Ya raba tsakanin kwari da tudu, ya kuma shirya iri da taki domin noman bayan janyewar ruwa.

Akwai wani aiki kuma da ba a cika kula da shi ba, wato ajiye tarihi. Idan kowane malamin gona da ke bakin kogi zai riƙa rubuta ranar da ruwa ya fara hawa, da inda ya kai, da ranar da ya janye, da hektocin da suka lalace, cikin 'yan shekaru za a tara hujjar da wakilan ƙasa za su aza a kan tebur. Maƙwabci yana iya musanta ƙorafi, amma da wuya ya musanta alƙaluma.

Kammalawa

Yawan jama'a yana ƙaruwa a dukkan ƙasashe taran nan, kowacce tana son faɗaɗa noman rani, damina kuma ta zama mai wuyar sha'ani, wata shekara fari, wata shekara ambaliya. Bukatar ruwan Kwara da Binuwai za ta ci gaba da hauhawa, kuma sababbin madatsu za su tashi ko mun so ko ba mu so ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin daidaitawa kan yadda za a cika madatsa shi ne kafin a rufe ƙofofinta. Ina kira ga ƙungiyoyin manoma da su sa wannan batu cikin bukatun da suke gabatar wa wakilansu da gwamnatocinsu, kamar yadda suke sa maganar taki da iri da bashi. Ina kuma kira ga malaman gona da su riƙa tambayar hukumomin raya kogunan yankunansu jadawalin sakin ruwa tun kafin damina, su kai wa manoma. Ranar da manomin Numan da na Yawuri da na Gashuwa za su zaɓi ranar shuka bisa sanin abin da ke tafe daga sama, ranar ce za mu ce haɗin kan ƙasashe ya iso gona. Allah Ya ba mu damina mai albarka.